Mai Hurawa Daban, Mai Sa Hannu Daban

A cikin adakar mahaifiyarmu akwai ƙarau guda uku, biyu koraye, ɗaya ruwan zuma, waɗanda ta ce tun na aurenta ne. Dozin guda aka sayo mata. Sauran sun tafi ɗaya bayan ɗaya, wannan wajen daka, wancan a bakin rijiya, har ta gaji da asara ta tuɓe ragowar ta naɗe a tsumma. In ka tambaye ta wa ya yi su, amsarta ba ta canzawa: "Aikin Nufawa ne." Iyakar abin da mai koli ya faɗa mata ke nan, shi ma ina jin iyakar saninsa ke nan.

Shekarun baya wani ɗaurin aure ya kai ni Bida. Da aka watse, na roƙi abokin da ya sauke mu ya raka ni unguwar Masaga, inda masu wannan sana'a suke. Ɗaki ne mai duhu, hayaƙi ya rine rufinsa. A tsakiya murhun laka ne, wani yaro na gefe yana ta fama da zuga-zugi, maza na zaune kewaye da wutar, kowa da sandar ƙarfensa. A bakin ƙofa ga fasassun kwalabe an ware su tsibi-tsibi, kore daban, ruwan ƙasa daban, fari daban. Wani dattijo ya ɗebo narkakken gilashi a bakin sandarsa, ja wur, yana naɗe shi kamar mai jan alewa. Ya zura wani ƙarfen ta tsakiya ya buɗa, ya shiga wulwulawa, zoben yana faɗi yana ƙara faɗi. Kafin in gyara tsayuwa ya zama abin sawa a hannu. Ya ajiye shi a toka mai ɗumi don ya huce a hankali, ya koma ya ɗebo wani. Duk wannan yana hira da na kusa da shi cikin Nufanci, suna dariya, ko kallon hannunsa bai yi ba.

Mutanen Masaga suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Kafin kwalba ta yawaita, su da kansu suke dafa gilashinsu daga yashi da kanwa, wani baƙi wuluk da suke kira bikini. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'ar hannu. Gari ya samu lamba. Amma ko yau ka je wurin masu sayar da kayan ado a Kano ko Abuja ka ɗauki ƙarau ko tsakiya ka ce wa ya yi, amsar mahaifiyarmu za a ba ka.

Na ɗauka wannan matsalarmu ce mu kaɗai, ta talauci da rashin rubutu. Sai da na kamu da son kallon masu aikin gilashi na ƙasashen waje, waɗanda ake baje kayansu a manyan gidajen tarihi ana sayen guda ɗaya da kuɗin gida, sannan na gane cewa can ma haka take, sai dai an yi mata kwalliya. Hausa ta hutar da ni, ta ba ni kalma ɗaya mai fuska biyu: sa hannu. Akwai wanda ya sa hannu a wuta, akwai wanda ya sa hannu a takarda. A gilashin zamani, sau da yawa mutum biyu ne daban, kuma na biyun kaɗai duniya ta sani. Ni a ganina wannan zalunci ne, kuma a gilashi ya fi muni fiye da a kowace irin fasaha.

Abin dariyar shi ne, wannan harka ta gilashin fasaha na zamani tun asali don a kashe wannan rabe-raben aka fara ta. Kafin shekarun 1960, gilashi aikin masana'anta ne. Mai zane yana ofis da fensirinsa, ya zana tulu ko kofi, a kai wa ma'aikata a bakin tanderu su hura. A watan Maris na 1962 wani malamin ginin tukwane a jami'ar Wisconsin, Harvey Littleton, ya tara mutane kaɗan a wani gareji da ke harabar gidan tarihin fasaha na Toledo, a jihar Ohio ta Amurka, don ya gwada ko mutum ɗaya zai iya gina ƙaramin tanderu ya narka gilashi ya hura abin da ransa ke so, ba tare da kamfani ba. Littleton ɗan gida ne a harkar. Mahaifinsa masanin kimiyya ne a kamfanin Corning, kuma mahaifiyarsa ce ta fara gasa kek a gindin wani tulun gilashi da mijin ya kawo daga wurin aiki, abin da ya haifar da kwanukan Pyrex, waɗannan dai da amarenmu ke jerawa a kabad ba a cin abinci a ciki sai an yi baƙi.

Gwajin farko bai yi ba, haɗin da suka zuba ya ƙi narkewa yadda ya kamata. Wani injiniya mai suna Dominick Labino ya gyara musu tanderun, ya kawo ƙwallayen gilashi masu saurin narkewa daga wurin aikinsa. Duk inda aka ba da wannan tarihi, sunayen nan biyu ake kira, Littleton da Labino. Amma akwai mutum na uku. Da gilashin ya narke, aka rasa wanda ya iya hurawa sosai a cikinsu. Wani tsoho da ya yi ritaya daga masana'antar gilashi ta Libbey, Harvey Leafgreen, shi ya karɓi bututun ya nuna musu yadda ake yi. Ka ga tun ranar suna aka fara mantawa da ungozoma.

Littleton yana da wata magana da ta yi fice a tsakanin ɗalibansa, cewa gwaninta abu ne mai araha. Nufinsa, tunani shi ne mai tsada, hannu kowa na iya koya. Na fahimci abin da ya sa ya faɗi haka, yana so a daina kallon mai gilashi a matsayin mai yin kofi. Amma duk wanda ya kalli hotunan abubuwan da Amurkawan nan suka hura a shekarunsu goma na farko zai ga kuɗin da wannan magana ta ci: dunƙule-dunƙule masu kauri, karkatattu, kamar ɗan koyo ya yi curin fura. Tunani yana nan, hannu ya ƙi bi.

Hannun yana Murano, wani tsibiri kusa da birnin Venis na Italiya. Tun 1291 hukumar Venis ta kwashe masu tanderun gilashi ta mayar da su can, wai don gudun gobara, amma hakan ya sa ido ya fi sauƙin kaiwa gare su. An ba su girma, an kuma hana su fita da sirrin sana'a. A 1665, da Faransa ta yaudari wasu daga cikinsu da kuɗi suka je Faris yin madubi, ba a daɗe ba biyu suka mutu mutuwar da har yau ake zargin guba ce. Sana'ar gado ce ta gaske, irin wadda muka sani a gidajen maƙera da majema: ɗa ya gani wurin uba, bare ya tsaya a waje.

A wannan tsibiri aka haifi Lino Tagliapietra a 1934. Yana ɗan shekara 11 ya shiga bakin wuta yana yi wa manya aike. Sai da ya shekara goma kafin a kira shi maestro, wato gwani. A 1979 ya hau jirgi ya tafi makarantar gilashi ta Pilchuck a jihar Washington, ba ya jin Turanci, ya zauna a benci ya nuna wa yaran Amurka abin da kakanninsa suka ɓoye shekara ɗari bakwai. Wasu a gida ba su ji daɗi ba. Amma daga wannan lokaci gilashin Amurka ya miƙe, ya yi sirara, ya yi tsabta. Abin da aka ce mai araha ne, ashe yarintar wani yaro ce gaba ɗaya.

Sai mutum ya ga yadda ake hurawa kafin ya gane dalilin da na ce gilashi daban ne. Na kalli bidiyon wannan aiki ba adadi, har matata ta fara yi mini tsiya. Gwani na zaune a benci mai hannuwa biyu, bututun ƙarfe na kwance a kai, yana mirgina shi gaba da baya da hannun hagu ba tsayawa, don in ya tsaya daƙiƙa biyu gilashin zai zubo gefe ɗaya kamar zuma. Zafinsa ya haura digiri 1,000. A hannun dama yana riƙe da jaridar da aka ninke aka jiƙa, da ita yake shafa wutar nan yana ba ta siffa, tururi na tashi, takarda ce kawai tsakanin tafinsa da ƙuna. Wani yaro ya durƙusa a ƙarshen bututun yana jiran a ce hura, ya hura, a ce tsaya, ya tsaya. Wani na riƙe da katako yana kare damtsen gwanin daga zafi. Wani na buɗe ƙofar tanderu. In an zo juya kayan, wani ya kawo sanda da ɗan gilashi a baki ya manna a gindi, gwani ya ɗiga ruwa a wuya, ya ƙwanƙwasa bututun sau ɗaya, kayan ya rabu ya koma kan sabuwar sanda. In gefen nan ya huce fiye da wancan, sai ka ji tas, aikin awa biyu ya zube a ƙasa. In an gama lafiya ma, sai an kwantar da shi a wani tanderun mai zafin kusan digiri 500 ya sauko a hankali, in ba haka ba ya fashe da kansa cikin dare.

To a ina mai zane yake a cikin wannan? Yana tsaye a gefe yana cewa ƙara tsawo, karkata hagu. Kafin maganarsa ta isa kunnen gwani, gilashin ya riga ya canza. Mai sassaƙa dutse yana iya aiko da awo a bi shi sawu da ƙafa. Mai ɗinki yana iya farke zare ya sake. Narkakken gilashi ba ya jiran shawara. Lanƙwasar bakin nan da masu kallo ke tsayawa suna yabawa, wanda ke riƙe da bututu ne ya yanke hukuncinta cikin ƙiftawar ido, da nauyin da ya ji a wuyan hannunsa. Wannan ba cika umarni ba ne, ƙirƙira ce.

Duk wanda ya san gilashin zamani ya san Dale Chihuly, mai baƙin ƙyalle a ido da gashi buzu-buzu. An haife shi a Tacoma a 1941, ɗalibin Littleton ne, ya je masana'antar Venini a Murano a 1968 ya ga yadda ake aiki ƙungiya-ƙungiya, ya dawo ya kafa Pilchuck da wasu a 1971. A 1976 ya yi hatsarin mota a Ingila, gilashin gaban motar ya yanke masa fuska ya tafi da idonsa na hagu. Ikon Allah, gilashin dai. A 1979 kafaɗarsa ta goce a wajen wasan ruwa. Tun daga nan ya ajiye bututu. Duk abubuwan da suka sa sunansa ya cika duniya, furanni sama da 2,000 da ke rufin otal ɗin Bellagio a Las Vegas tun 1998, da ƙatuwar fitilar rataye mai kore da shuɗi da ke ƙofar gidan tarihin Victoria da Albert a Landan, wasu ne suka hura su. Ɗalibin da ya fi kowa ɗaukaka a makarantar "ka yi da hannunka" shi ne ya mayar da harkar gidan jiya.

Ba zan yi masa rashin adalci ba. Bai taɓa ɓoye wannan ba, yana kwatanta kansa da mai shirya fim, ba ɗan wasa ba. Ya yi aiki da Tagliapietra da wani gwanin Murano, Pino Signoretto, ya kuma kira sunayensu. William Morris, wanda ya riƙe masa bututu bayan ciwon kafaɗar, daga baya ya zama babban suna da kansa. Kuma launi da girman da Chihuly ya hango, babu wanda ya hango su kafinsa. Sai dai a 2005 ya kai wani tsohon mai hura masa gilashi kotu, yana zarginsa da kwaikwayon salonsa. Mutumin ya mayar da martani cewa da yawa daga cikin salon nan daga hannunsa suka fito, har ya gabatar da wata takarda da maigidan ya taɓa aiko masa, mai ɗan zane da bayanin cewa ya yi duk abin da ya ga dama. A 2006 suka sasanta a wajen kotu, ba a yanke hukunci ba. Tambayar ta tsaya a rataye: in ka ce wa mutum ya yi abin da ya ga dama, ya yi, na wane ne?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce gini na mai zanen gini ne, ba na birkila ba. Za a ce akwai ayyukan da in ba don tunanin mutum ɗaya ba, da gwanaye dubu ba su yi su ba. Gaskiya ne. Fred Wilson, baƙar fatar Amurka, da ya wakilci ƙasarsa a bikin fasaha na Venis a 2003, ya sa gwanayen Murano suka yi masa irin fitilar ratayen da suka gada, mai furanni da ganye, amma baƙa ƙirin. Abin da aka saba gani yana walƙiya a fadar attajirai ya koma kamar zaman makoki, don a tuna da baƙaƙen da suka rayu a birnin aka shafe su daga labarinsa. Gwanayen sun shekara ɗaruruwa suna wannan fitila, ba wanda ya ce a yi ta baƙa don wannan dalili. Luke Jerram na Birtaniya tun 2004 yake sa ana yi masa siffofin ƙwayoyin cuta da gilashi garau marar launi, har da ta korona, saboda ya lura launukan da ake shafa musu a hotunan jarida ƙarya ne, ƙwayar ba ta da launi. Shi kansa idonsa ba ya rarrabe launuka sosai, shi ya sa abin ya dame shi. Gerhard Richter kuwa, da aka ba shi tagar babbar majami'ar Kolon a Jamus, wadda aka buɗe a 2007, bai zana waliyyi ko ɗaya ba. Ya cika ta da ƙananan murabba'ai sama da 11,000 masu launi 72, ya bar kwamfuta ta yi ƙuri'ar inda kowanne zai zauna. Babban limamin majami'ar na lokacin, Kadinal Meisner, ya ji haushi har ya ce tagar ta fi dacewa da masallaci. Ya faɗa ne don kushe, ni kuwa da na ga hoton hasken rana na zubowa ta cikinta a kan dutse, na ce wallahi da an ba mu da mun karɓa.

Duk na yarda. Ban ce a cire sunan Wilson ko Richter ba. Cewa na yi allon bayanin da ke manne a bango yana da fili. Ana rubuta sunan mai fasaha, da shekara, da tsawo da faɗi, da sunan attajirin da ya ba da kuɗin saye. Layi ɗaya na wanda ya shekara talatin yana shaƙar zafi shi ne ya gagara?

Kuma in ka duba waɗanda aikinsu ya fi shiga rai, za ka tarar galibi hannu da tunani a jiki ɗaya suke, ko kuma mutane ne da ba sa jin kunyar kiran abokin aiki. Yhonnie Scarce 'yar asalin mutanen farko ce na Ostareliya, an haife ta a Woomera a 1973. A yankin kakanninta, a Maralinga, Birtaniya ta yi gwajin bama-baman nukiliya daga 1956, zafin ya narkar da yashin wurin ya koma gilashi. Ta koyi hurawa, ta kuma zaɓi ta yi magana da abin da bam ɗin ya bari. A 2015 ta rataye doyar daji ta gilashi guda 2,000, abincin mutanenta, a siffar gajimaren guba yana saukowa. Ba ado ta yi da gilashi ba, shaida ta kira. Chris Day a Ingila ya shekara da shekaru yana aikin famfo da gyaran na'urar ɗumama gida kafin ya shiga jami'a da girmansa. Yana saƙa keji da bututun tagulla da waya, irin kayan aikinsa na da, ya hura gilashi a ciki har ya kumburo ta ramukan kamar naman da aka ɗaure da igiya. Maganar cinikin bayi yake yi. Wanda bai taɓa lanƙwasa bututun tagulla da hannunsa ba, wannan tunani ba zai zo masa ba. Toots Zynsky tana jera zaren gilashi dubbai, sirara kamar gashi, ta narka su su manne, ta matse su da hannu cikin safar zafi su zama ƙwarya mai launi kamar fiffiken tsuntsu. Injin da ke ja mata zaren wani ɗan Holan ne ya ƙera shi tare da ita, Mathijs Teunissen van Manen, kuma tana faɗin sunansa. A ƙasar Cek, Stanislav Libenský yana zanawa, Jaroslava Brychtová tana mayar da zanen siffar laka a zuba gilashi a kai, suka yi sama da shekara arba'in a haka, kowane aiki da sunansu su biyu. Bai rage wa ko ɗayansu komai ba.

Ba ma sabon abu nake nema ba. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ba da daɗewa da gano hura gilashi a ƙasar Sham ba, wani mai sana'a da ake dangantawa da birnin Saida ta Labanan ta yau yana sa rubutu a jikin kofunansa da harshen Girka: Ennion ne ya yi. Shekara dubu biyu ke nan, ana tono kofunan daga Italiya har gabashin Bahar Rum, sunansa na nan. Ka kwatanta da fitilun masallatan Alƙahira na zamanin Mamluk, na ƙarni na 14, waɗanda ba na jin an taɓa yin gilashin da ya fi su kyau. A wuyansu an rubuta ayar Suratun Nur mai maganar fitila a cikin ƙarau, ƙarau ɗin kamar tauraro mai haske. A jikinsu an rubuta sunan sarkin da ya ba da aiki, da kirarinsa, da tambarinsa. Mafi yawansu ba sunan wanda ya hura. Haka a Ile-Ife, inda masu tonon tarihi suka tabbatar an dafa gilashi da kayan gida a Igbo Olokun tsakanin ƙarni na 11 da na 15: ga duwatsun ado dubbai, ga kaskon narkawa, mutanen kuwa sun bi iska.

Wani zai ce suna me zai ƙara wa mutum, ai an biya shi ladansa. Wanda ya faɗi haka bai ga abin da ya faru a Murano ba a ƙarshen 2021 zuwa 2022, lokacin da kuɗin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo. Tanderun gilashi ba a kashe shi dare da rana, don in ya huce tukunyar ciki na iya tsagewa, sake kunna shi kuma sai an yi kwanaki. Duk da haka masana'antu da dama suka kashe wuta, ma'aikata suka zauna a gida. A cikin wannan shekara ta 2022, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa gilashi, aka baje wani ƙaton aikin mai fasaha Ai Weiwei na ƙasar Sin a biranen Rum da Venis, ƙasusuwa da ƙoƙunan kai na baƙin gilashi sama da 2,000 a rataye, wanda gwanayen masana'antar Berengo suka shafe shekaru suna yi. Mai suna in gas ya yi tsada a nan, ya ɗauki zanensa ya tafi wata ƙasa. Marar suna tanderunsa ne sunansa, in ya mutu ya mutu tare da shi. Suna jari ne. Shi ke sa a neme ka kai da kanka, a gayyace ka koyarwa, a ba ɗanka sha'awar gadon sana'ar. Tagliapietra ya shekara arba'in yana hura zanen wasu kafin ya fara sa sunansa a kan nasa, kuma hannun bai canza ba, farashin ne ya canza.

A nan mu Hausawa muna da abin koyarwa, ko da mu ma ba kullum muke bi ba. Makaɗin gargajiya, komai girmansa, yakan tsaya a tsakiyar waƙa ya kira mai kalangunsa da suna, ya ambaci 'yan amshi, har ya yi musu kirari. Waƙar tasa ce, kowa ya sani, amma wanda ya saurara ya tafi da sunayen. Masallacin Juma'a na Zariya, na ƙarni na 19, ba a ce aikin Zazzagawa ne kawai ba, an riƙe sunan Babban Gwani Mika'ilu. Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwanen Baturen Ingila Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, kuma saboda an bar ta da sunanta a kan tukwanenta, yau hotonta ne a bayan naira 20. Tukwanen matan ƙauyensu da suka koya mata ba su fi nata muni ba. Amma babbar riga fa? Malamin da ya zana aska takwas da wanda ya kashe wata uku yana ɗinkin, wa ke tambayar sunansu in mai riga ya shigo taro?

Wasu gidajen tarihi sun fara rubuta wanda ya taimaka a ƙarƙashin sunan mai fasaha. Ina so ya zama doka ta sana'a, ba alfarma ba, kamar yadda ƙarshen fim ke jero kowa har mai riƙe fitila. Ina kuma so ɗaliban da ke karanta fasahar gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello, in sun je Bida ko Krobo ta Gana neman ilimin da za su rubuta kundin digiri da shi, su rubuta sunan dattijon da ya nuna musu a shafin farko, ba a cikin "da sauran waɗanda suka taimaka" ba.

Ranar nan a Masaga na sayi ƙarau shida. Na yi ciniki sosai, har abokina ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Haba Malam, ai ka bar masa haka." Dattijon ya naɗe mini su a tsohuwar jarida, ya ce in sa a tsakiyar kaya kada su haɗu da ƙarfe. Na nemi izinin ɗaukar hoto, ya ce bismilla. Kwanan nan da na zauna rubuta wannan, na koma cikin tsohuwar wayata na nemo hotunan, guda goma sha ɗaya. Ga wutar, ga sandar, ga zoben yana ja, ga yatsunsa masu tabon ƙuna. A cikin goma sha ɗayan babu wanda fuskarsa ta fito, duk daga wuya na yanke shi. Na kira abokin nawa na ce ko ya tuna sunan tsohon nan. Ya yi shiru, ya ce, "Wanne daga ciki?"